Wasiƙa Zuwa ga Masu Rubuta Gajerun Labarai a Karkarar Arewacin Kano



Ina rubuta wannan takarda zuwa gare ku, 'yan'uwa maza da mata, mazauna ƙasar Dambatta da Bichi da Makoɗa da Kunci da Minjibir, waɗanda Allah ya hore wa alƙalami da sha'awar ƙaga labari, domin in yi muku nasiha a kan rukunan wannan fanni.

Ku sani cewa littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, suna da fili mai faɗi, mai labari ya yi ta yawo gari bayan gari har ya gaji. Gajeren labari kuwa, irin wanda sashen Hausa na BBC yake karɓa a gasar Hikayata tun 2016, misalinsa kamar gonakinku ne, waɗanda saboda yawan jama'a ba a barin ko taki ɗaya ya zama saura, sai an tuttula masa taki an shuka shi kowace damina. Wannan shi ne abin da malaman balaga suke yabo: lafazi kaɗan, ma'ana mai yawa.

Rukuni na farko shi ne tauraro, mutum guda mai buƙata guda wadda ta hana shi barci. Na biyu shi ne abin da ya tare masa hanya, domin inda babu ja-in-ja babu labari, sai dai bayani. A ce wani magidanci ya komo daga cin rani ya iske an raba gonar gandu bayan rasuwar mahaifinsu, ga kuma ɗorawa guda a kan iyaka tsakaninsa da ƙaninsa, kowa yana ganin kalwarta haƙƙinsa ce. Wannan kaɗai ya ishe ku, kada ku shigo da tarihin kakanni, ko auren ƙanwa, ko zaɓen kansila, domin kowane reshe da kuka ƙara yana rage wa jigon ƙarfi.

Na uku shi ne wuri da lokaci. Mai karatu yana so ya san ko bazara ce ana sharar gona, ko kaka ce ana ɗaure dammunan gero, kuma ya ji shin a zauren dagaci ake maganar ko a bakin rijiya. Wanda ya bar garinsu ya kai labarinsa wani katafaren gida a Abuja da bai taɓa shiga ba, ya yi asarar abin da ya fi kowa sani.

Na huɗu shi ne zance. Ku sa kowa ya yi magana da bakinsa, yadda ƙane zai ce “Yaya” ko da ransa a ɓace yake, tsohuwa kuma ta sakaya sunan ɗan farinta saboda kunya, liman ya kawo mas'alar gado a taƙaice ba tare da ya mai da shafin mumbari ba. Sau da yawa abin da mutum ya haɗiye ya fi abin da ya furta bayyana halinsa.

Na biyar shi ne ƙarshe, kuma a nan ne mafi yawan alƙaluma suke tuntuɓe. Wajibi ne natijar ta fito daga aikin tauraron da zaɓinsa, kada ku aiko da haɗarin mota ko attajirin baƙo ya warware abin da ku kuka ƙulla. Idan wan ya sallama ɗorawar, ku nuna abin da ya sa ya sallama da abin da ya rasa, sannan ku tsaya, domin mai karatu yana da hankalin da zai ciro darasi da kansa.

Idan kun gama, ku karanta labarin a bayyane ga wanda bai iya boko ba. Duk inda hankalinsa ya kau, ku koma ku gyara wurin, ko ku soke shi.

Allah ya ƙara basira, ya yi wa alƙalumanku albarka. Wassalam.