Sankarar Mahaifa: Dakarun Jiki Na Bukatar Taimako Tun Da Wuri

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Jihar Nasarawa tana cikin rukunin farko tare da Legas da Ogun da Kano. Ashe ke nan zancen ya shafi yarinyar da ke Kwandere, kusa da Lafiya, kamar yadda ya shafi wadda iyayenta ke zaune a Agege ko Shagamu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu.

To, yaya jiki yake kare kansa? Ƙwayar halitta takan baje samfurin abin da take ƙerawa a bayanta, kamar ɗan tireda da kayansa a bakin rumfa. Waɗansu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda likitoci ke kira T, su ne ke zagayawa suna dubawa. In suka ga baƙon kaya, sai su manne wa ƙwayar, su huda ta, su zuba mata dafi ta mutu. In kuwa ta kwashe kayan don ta ɓuya, akwai waɗansu dakarun da aikinsu shi ne kashe mai rumfar da ba kome.

Amma sankara tana da wayo. Takan ɗaga wata alama da ke sa dakarun su janye. Binciken wannan birki, da yadda za a sake shi, ya sa James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka sami kyautar Nobel a 2018. Sai dai magungunan da suka fito daga binciken sun fi ƙarfin aljihun manomin doya.

A nan ne amfanin allurar yake. Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar cuta mai suna HPV take. Yawancin masu ɗauke da ita jikinsu kan kawar da ita cikin shekara biyu, amma a jikin waɗansu takan maƙale, bayan shekara 15 zuwa 20 ta zama sankara. Allurar tana koya wa jiki siffar ƙwayar, don ya tare ta tun ba ta shiga ba. Ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa ake yi wa yara. Jita-jitar cewa tana hana haihuwa kuwa, bincike bai gaskata ta ba.

Saboda haka magidancin da ke aika kuɗin cefane gida kowane wata, ya kamata ya haɗa da tambaya ɗaya: an yi wa yarinyar nan allura? Manyan mata kuma su je asibiti a duba su tun ciwo bai bayyana ba.