Fitilar Masana'anta da Taurarin Kano

Mai ɗaukar hoton taurari ba ya gaggawa. Yakan kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ya bar idonta a buɗe daƙiƙa 15 zuwa 20, domin ta tattara hasken da idon mutum ba ya kamawa. Sai dai kyamara ba ta zaɓe, duk hasken da ya shigo haɗiyewa take yi. A Sharada ko Bompai, fitilar tsaro guda ɗaya da aka ɗaga fuskarta sama ta isa ta mayar da hoton fari fat. Da hunturu abin ya fi muni, domin ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana watsa hasken har ya lulluɓe sama.

Wani zai ce ai masana'antun Kano da yawa sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki, duhu ya wadata. Duhun da ya raba magidanta da aikinsu ba abin murna ba ne. Fatan kowa shi ne masaƙun Sharada da majemun Challawa su koma aiki dare da rana. Tun kafin ranar ta zo ya kamata a tsara yadda za a haska su.

A shekarar 2016, binciken da Fabio Falchi ya jagoranta ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama, saboda hasken fitilu. Asarar Bahaushe a nan babba ce. Da taurari irin su Nasara, Ɗarfa da Jabha malamai ke lissafa wa manoma kwanakin damina, Gamzaki kuma shi ke shaida wa matafiyi cewa asuba ta gabato. Yaron da bai taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta ba, sunan zai zame masa tatsuniya.

Maganin ba shi da tsada. A sa wa kowace fitila murfi, a sunkuyar da ita ƙasa inda mai gadi yake bukatarta, a fifita mai launin rawaya a kan fara mai kashe ido. Hasken da ya tafi sama bai taɓa kama ɓarawo ba, kuɗin dizal kawai yake ci. Hukumar tsara birane ta Jihar Kano tana iya sanya wannan cikin sharuɗɗan izinin gini a waɗannan unguwanni uku.