Yaron Shekara 18 Da Nauyin Birni Guda

Duk shekara, a ƙarshen watan Yuni, ƙungiyoyi 32 na gasar NHL, wato babbar gasar wasan hoki na kan ƙanƙara ta Amurka da Kanada, sukan zauna su raba matasan 'yan wasan da suka kai shekara 18. Zagaye bakwai ake yi, kowace ƙungiya tana kiran sunan wanda take so idan layi ya zo kanta. Yaron da aka kira ba shi da ta cewa game da inda zai tafi, domin ƙungiyar da ta kira shi ce kaɗai ke da ikon ƙulla yarjejeniya da shi a gasar. An fara wannan al'ada a birnin Montreal a 1963, kuma a yau ta zama wa magoya baya wata ƙaramar sallah, musamman waɗanda ƙungiyarsu ta sha kashi a kakar da ta wuce.

Mai karatun da ya saba da ƙwallon ƙafar Turai zai ga abin bambaraƙwai. A Ingila, wanda ya zo na kashin baya faɗuwa yake zuwa rukunin ƙasa. A NHL kuwa ba a faɗuwa, kuma wanda ya fi kowa rauni shi ke da babban rabo a ƙuri'ar da ake kaɗawa don fitar da mai zaɓen farko. Manufar ita ce kada ƙarfi ya taru a hannun masu kuɗi. Manufa ce mai kyau, amma tana koya wa magoya baya wata ɗabi'a da nake so mu duba, wato jingina makomar ƙungiya ɗungurungum a kan yaron da gemu bai gama fito masa ba.

A watan Maris na 2015, ƙungiyar Buffalo ta karɓi baƙuncin Arizona, dukkansu suna can ƙasan teburi. Da Arizona ta jefa ƙwallon da ta ba ta nasara a ƙarin lokaci, sai wasu magoya bayan Buffalo suka ɓarke da shewa a cikin gidansu. Dalili shi ne wani matashi ɗan Kanada mai suna Connor McDavid, wanda masana wasan suka yi ittifaƙi cewa an daɗe ba a ga irinsa ba. Buffalo ta samu abin da ta nema, ta ƙare a matsayi na ƙarshe, da rabon kashi 20 cikin 100 a ƙuri'a. Amma ƙuri'ar ta faɗa wa Edmonton, mai kashi 11.5. Buffalo ta ɗauki Jack Eichel a matsayi na biyu, zama bai yi daɗi ba, aka sayar da shi ga Vegas a 2021, ya ci Kofin Stanley da su a 2023. Buffalo kuwa ta yi fiye da shekara goma a jere ba ta shiga zagayen neman kofi ba. Waɗanda suka yi wa faɗuwarsu shewa, ba tsuntsu ba tarko.

To, ita Edmonton da ta yi sa'a fa? Labarinta ya fi kowane koyar da darasi. Birni ne a lardin Alberta na Kanada wanda ƙungiyarsa ta ci Kofin Stanley sau biyar tsakanin 1984 da 1990, huɗu daga ciki tare da Wayne Gretzky. Daga baya tauraruwarta ta dusashe, ta yi kaka goma a jere, daga 2007 zuwa 2016, ba ta shiga zagayen neman kofi ba. A cikin wannan fari ta samu zaɓen farko har sau huɗu: Taylor Hall a 2010, Ryan Nugent-Hopkins a 2011, Nail Yakupov a 2012, sai McDavid a 2015. Kowane Yuni mutanen birnin sukan ce ga mai ceto ya iso, kowane Afrilu kuma su koma jiran wata ƙuri'ar.

Yakupov, Musulmi ɗan ƙabilar Tatar daga Rasha, shi ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 17 cikin wasa 48, fiye da kowane sabon shiga a shekarar. Bayan haka abubuwa suka cakuɗe masa, aka sayar da shi ga St. Louis a 2016, kuma zuwa 2018 ya koma gida Rasha. Sunansa ya zama abin buga misali idan ana maganar zaɓen tumun dare. Sai dai masu zarginsa ba su cika tuna cewa cikin kaka huɗu da ya yi a Edmonton ya yi aiki ƙarƙashin masu horarwa aƙalla huɗu ba, kowanne da tsarinsa da abin da yake so. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma idan hannu huɗu suka ja shi zuwa kusurwa huɗu, karyewa zai yi. Shi kuwa Hall, an miƙa shi ga New Jersey a 2016, ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 2018 sanye da rigar wasu.

McDavid bai ba maraɗa kunya ba. An naɗa shi kyaftin yana da shekara 19, ya zama gwarzon gasar a 2017 da 2021 da 2023. Duk da haka, sai da Edmonton ta shekara tara kafin ta kai wasan ƙarshe tare da shi, kuma sai da ta haɗa shi da Bajamushe Leon Draisaitl, wanda ta zaɓa na uku a 2014, da wasu gogaggu da ta nemo daga waje. Ta kai wasan ƙarshe a 2024 da 2025, Florida ta doke ta duka biyun. A wasan hoki ɗan wasan gaba, komai gwanintarsa, kusan sulusin minti 60 na wasa kawai yake yi a kan ƙanƙara, domin ana sauya 'yan wasa rukuni-rukuni saboda gajiya. Sauran lokacin yana zaune a benci yana kallon abin da abokansa za su yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan muka juya zuwa Detroit za mu ga kishiyar wannan. Ƙungiyar ta shiga zagayen neman kofi kaka 25 a jere, daga 1991 zuwa 2016, don haka zaɓen sahun gaba ya yi mata nisa. Ta ɗauki Nicklas Lidström na Suwidin a lamba ta 53 a 1989, Pavel Datsyuk na Rasha a lamba ta 171 a 1998, da Henrik Zetterberg na Suwidin a lamba ta 210 a 1999. Ba wanda ya yi gangami a titi saboda waɗannan sunaye. Datsyuk da Zetterberg kowannensu ya ƙara shekara uku a ƙasarsa kafin ya ƙetare teku, ya tarar da manya da za su riƙe masa hannu, ba a ɗora masa nauyin ceton kowa ba. Su ukun ne ginshiƙan ƙungiyar da ta ci kofin 2008.

Akwai kuma fargabar da ta fi ta yaron ya kasa, wato ya yi fice amma wasu su ci moriyarsa. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, Dallas ce ta zaɓe shi a lamba ta 11 a 1995, ta sayar da shi ga Calgary bai taka mata wasa ko ɗaya ba, can ya zama gwarzon birnin. Mutanen Quebec kuwa nasu ya fi ciwo. Ƙungiyarsu ta yi zaɓen farko shekara uku a jere, daga 1989 zuwa 1991, suka yi haƙurin raino. A 1995 aka sayar da ita, aka mayar da ita Colorado a Amurka, ta ci kofi a 1996. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ba na ganin laifin mai goyon baya don ya sa rai, ai da fata ake noma. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da lambar zaɓe tamkar takardar shaidar nasara, a ɗaga yaro sama ranar da aka kira sunansa, a yi masa ature bayan shekara biyu. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to amma a nan alamar tana ga gidan da yaron zai shiga fiye da shi kansa yaron. Wa zai horar da shi, kuma shekara nawa mai horarwar zai yi kafin a sallame shi? Za a bar shi ya nuna a ƙaramar gasa, ko za a tsinke shi ɗanye don a sayar da tikiti? Waɗanne manya zai tarar a ɗakin sauya kaya? Mun san irin wannan a jami'a: ɗalibin da ya shigo da maki mafi yawa yakan lalace a sashen da babu mai kula, wanda ya shigo da ƙyar kuma ya zama malami a hannun wanda ya san raino. Waɗannan tambayoyi shugabannin ƙungiya ya kamata magoya baya su riƙa yi wa, kuma su ne za a tuhuma idan yaro ya lalace a hannunsu.