CIWON DAJI DA MAGANIN ITATUWA: A KULA



'Yan uwa, kwana biyun nan ana ta yawo da saƙonni wai ganye kaza na kashe ciwon daji, a daina zuwa asibiti. Don Allah ku tsaya ku ji.

Akwai wata fulawa da ake shukawa a ƙofar gida don ado, mai fure fari ko ruwan hoda, asalinta daga tsibirin Madagaska. Mutanen Jamaika suna dafa ganyenta saboda ciwon suga. Masu bincike a Kanada suka gwada ta a jikin ɓeraye, sugan bai sauka ba, sai fararen ƙwayoyin jininsu ne suka zube. Daga nan aka gano maganin Vinblastine a 1958, sannan ɗan uwansa Vincristine, wanda har yau ake yi wa yara masu sankarar jini. Aikinsu shi ne hana ƙwayar cutar rabuwa ta hayayyafa. Haka Taxol, da ake ba masu dajin nono, daga ɓawon wata bishiya ta Amurka ya fito. Kun ga ashe wani ɓangare na allurar da ake gudu a asibiti, daga tsiro Allah Ya fitar da shi. Subhanallah!

Amma sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a tace giram 1, a auna shi gwargwadon jikin majinyaci, a ɗura ta jijiya. Wanda ya tsinko fulawar ya dafa a tukunya, guba zai sha, ba magani ba.

Habbatus sauda fa? Hadisinta ingantacce ne, yana Bukhari da Muslim, ba ma jayayya. Sinadarinta da na kurkum sun nuna tasiri a ɗakin gwaji. Sai dai ɗakin gwaji daban, jikin mutum daban, kuma Annabi (SAW) bai hana mu zuwa wurin masana ba. Ni mai magani ne, amma duk wanda ya karɓi kuɗinki ya ce ki fasa tiyata, wallahi ya ci amanarki.

Uwargida, in kin ji ƙullutu a nono, ko jini na zuba bayan haila ta ɗauke, kar kunya ta zaunar da ke. Maigida, kai ta asibiti cikin makon nan, kar a jira sai ya fashe. Mai karɓar allurar daji kuma, kar ya haɗa da wani jiƙo sai likitansa ya sani, don wasu ganyayyakin na wahalar da hanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.