ZAMAN GIDA: In Cajar Mota Ta Lalace, Wa Zai Canja Ta?

 A watan nan filin namu zai duba wani kayan gida wanda kakanninmu ba su taɓa jin labarinsa ba, watau cajar motar lantarki, ƙaramin akwatin nan da a ke kafawa a bango domin mota ta sha wuta da dare. Da yawa cikin 'ya'yanmu da 'yan'uwanmu suna zaune a Birtaniya, waɗansu likitoci, waɗansu masu jinya, waɗansu malaman makaranta. A can akwatin nan ya zama ruwan dare. Tun watan Yuni na 2022 ma doka ta ce sabon gidan da za a gina a Ingila, in yana da wurin ajiye mota, sai a sa masa wurin caji. Saboda haka yawancin maganarmu a kan ƙasar can ce, da dokokinta.

Kada a ɗauki zancen da wasa. Kuɗin sayen akwatin da na kafa shi yakan kai wajen fam 1,000. Ran da ya tsaya, uwargida mai aikin asuba a asibiti za ta fito ta tarar da mota ba wuta. In kuwa an koma shan wuta a tashoshin bakin hanya, kuɗinsu ya ninka na gida da dare sau da yawa. Ga shi kuma akwatin da ya fara ƙonewa a ciki hatsari ne ga dukan iyali. Abin da mu ke so ku riƙe shi ne wannan: garanti alkawari ne, amma sai ka san wanda ya yi maka shi, ka kuma riƙe shaidarsa, kafin ka ci amfaninsa.

Abin da akwatin ya ke yi

Ko da ya ke kowa na ce da shi caja, ainihin na'urar da ke juya wutar gida ta zama irin wadda batir ke sha tana cikin motar kanta. Akwatin bango kamar mai gadin ƙofa ne. Yakan tambayi mota ko ta shirya, ya faɗa mata iyakar wutar da za ta ja, sa'an nan ya buɗe mata hanya. In ya ga alamar hatsari sai ya yanke wutar nan take.

Yawancin na gidaje suna ba da kilowat 7 da 'yan kai. Batir mai cin yunit 60 yakan cika cikin awa 8 ko abin da ya yi kusa. Soket ɗin ɗaki kuwa ba ya ba mota fiye da wajen kilowat 2.3, don haka batirin nan sai ya kwana ya yini bai cika ba. Kun ga ke nan akwatin yana ɗaukar wuta mai nauyi dare farai ba hutawa. In mai kafawa ya bar ƙusa guda bai ɗaure ta tamau ba, wurin zai riƙa yin zafi kaɗan kaɗan har roba ta narke.

Kafin ka kai kuka

Ba kowace tsayawa ce lalacewa ba. Tun 30 ga Yuni 2022, cajar gida da a ke sayarwa a Ingila da Wels da Sikotlan tana zuwa ne da wani tsari a cikinta. A ranakun aiki takan ƙi ba da wuta daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, da kuma daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na dare, lokacin da jama'a su ka fi jan wuta, sai fa in mai ita ya canja tsarin. Takan kuma yi jinkiri har na minti 10 kafin ta fara, domin kada dubban motoci su auka wa wutar ƙasa gaba ɗaya. Wanda bai san wannan ba sai ya ce cajarsa ta mutu, alhali kuwa lafiyarta lau. Duba manhajar da ke cikin wayarka tukuna, ka duba agogon caji na cikin motar kuma.

Bayan haka ka kai motar wata caja, ko ta maƙwabci ko ta bakin hanya mai irin bakin taka. In can ma ta ƙi sha, laifin na mota ne. In ta sha, dawo gida ka kashe makunnin cajar a akwatin fis, ka dakata kaɗan, ka sake kunnawa.

Akwai kuma laifin da ke zuwa daga waje. Ƙarfin wutar gida a Birtaniya bolt 230 ne, doka ta yarda ya sauka zuwa wajen 216, ya hau zuwa 253. Caja da yawa sukan yanke da kansu in ya zarce 253, domin tsaron ran mutum. In haka ne, ko an kawo maka sabuwa sau goma, haka za ta yi. Maganinsa yana hannun kamfanin da ke lura da wayoyin wutar unguwa, a kan same su kyauta ta lamba 105.

Amma in ka ji ƙauri, ko ka ga baƙin tabo, ko ruwa a cikin akwatin, ko makunni ya yi ta faɗuwa, to, kashe wutar, ka bar ta a kashe, ka kuma faɗa wa yara kada kowa ya taɓa. Maigida, ko kana da hannun gyara, kada ka kwance murfin. Wutar da ke ciki tana kisa, kwance shi kuma yakan ba kamfani hujjar soke garantin.

Wa ya yi maka alkawari?

A nan ne mutane suka fi shan wahala. Akwai kamfanin da ya ƙera akwatin, akwai wanda ya sayar maka, akwai kuma ma'aikacin da ya kafa shi. Wani lokaci biyun ƙarshen mutum ɗaya ne. Maƙeri yakan ce laifin mai kafawa ne, mai kafawa ya ce laifin maƙeri ne, kai kuwa kana tsakiya kamar ƙwallo.

Alkawarin maƙeri shi ne takardar garanti. Yawanci shekara 3 ne, waɗansu sukan ƙara in ka biya. Yana da sharuɗɗa: ƙwararren ma'aikaci ne ya kafa, an rubuta sunanka wurin kamfani cikin lokacin da su ka yanka, ba ka kuma yi wa akwatin rauni da kanka ba. Ba ya rufe ɓarnar tsawa, ko igiyar da aka taka da mota. Karanta da kyau ka ga ko ya haɗa da ladan ma'aikacin da zai cire tsohon ya kafa sabon, gama wani garantin na kaya ne kaɗai.

Alkawari na biyu ya fi wannan ƙarfi, da yawa kuwa ba su san da shi ba. Dokar Haƙƙin Mai Saye ta 2015 ta ɗora wa wanda ya karɓi kuɗinka nauyi, ko da takardar garanti ko babu. Ta ce lalle kaya su zama masu inganci, su yi aikin da aka saye su dominsa. In shi ne ya ɗauki nauyin kafawa aka kafa ba daidai ba, wannan ma a wuyansa ya ke. Cikin kwana 30 na fari kana da ikon ƙin kayan, a mayar maka da kuɗinka. Bayan wannan, sai ya gyara ko ya canja cikin lokacin da hankali zai ɗauka, kuɗin aiki da na kaya duk nasa ne. In laifin ya fito cikin wata 6 na fari, doka ta ɗauka da shi kayan su ka zo, sai in mai sayarwa ya nuna ba haka ba ne. Bayan wata 6, kai ne za ka kawo shaida, misali rahoton wani ma'aikacin wuta. In an gyara ko an canja sau ɗaya abin bai yi ba, kana iya neman ragi ko mayar da kuɗi, ko da ya ke za a iya cire ɗan wani abu saboda amfanin da ka riga ka ci.

Lokacin kai ƙara shekara 6 ne a Ingila da Wels, shekara 5 a Sikotlan. Ba wai an ce dole kowace caja ta kai shekara 6 ba. Nufin shi ne, ƙarewar garanti ba ta rufe maka ƙofa ba in ka iya nuna aibin na asali ne.

Yadda a ke kai kuka

Tun ran gini, ran zane. Ranar da aka kafa akwatin, uwargida ta samo jaka guda ta zuba rasit, da takardar garanti, da takardar shaidar aikin wuta da ma'aikaci ya sa wa hannu. A ɗauki hoton lambar da ke jikin akwatin tun rana da ruwa ba su goge ta ba. Ku biyu ku san inda jakar ta ke, ku san kuma kalmar sirri ta shiga manhajar, domin wahala ba ta jiran maigida ya dawo daga tafiya.

In matsala ta zo, rubuta ranar da ta fara, da launin fitilar da ta kama, da abin da manhaja ta ce. Ɗauki hoto. Sa'an nan ka aika da wasiƙa ta imel ga mai sayarwa da maƙeri a rana ɗaya, kowa ya ga sunan ɗan'uwansa a kai, ta haka zai yi wuya su yi ta tura ka. Gajarta magana: ga abin da na saya, ga rana, ga abin da ya faru, ga abin da na gwada, ga abin da na ke nema, ina jiran amsa cikin kwana 14. In ka yi magana da su ta waya, karɓi lambar ƙararka, ka rubuta sunan wanda ya amsa da abin da ya alkawarta. Cajar zamani tana haɗe da intanet, sau da yawa kamfani yakan ga laifin daga ofishinsa, wani lokaci ma ya gyara daga can.

Yi magana da ladabi. Yarinyar da ta ɗauki wayar ba ita ta ƙera akwatin ba, mai taushin harshe kuma yakan sami mai taimakonsa. Faɗi gaskiya kuma. In kai ne ka ja mota da baya ka buge shi, kada ka ce haka ka tashi ka gan shi. Wanda ke so a cika masa alkawari, ya kamata nasa bakin ya zama ɗaya, yaranka kuwa suna jin abin da ka ke faɗa a waya. Irin wannan ɓarna, inshorar gida a kan tambaya.

Kafin a kawo sabo, in motar ta zo da igiyar nan mai shiga soket ɗin ɗaki, kana iya lallaɓawa da ita. Sa ta kai tsaye a soket mai lafiya na jikin bango, ban da jona ta da wata igiya ta ƙari. Ka riƙa taɓawa kana jin ko ya yi zafi.

In sun ja ƙafa

In kwanakin sun wuce shiru, sake rubutawa, ka ambaci dokar 2015 da sunanta. Ofishin Citizens Advice yana ba da shawara kyauta. In ka biya da katin bashi na banki, Sashe na 75 na Dokar Bashin Mai Saye ta 1974 ya sa bankin ya zama abokin ɗaukar nauyi a kan kayan da kuɗinsu ya wuce fam 100 amma bai zarce fam 30,000 ba. Wannan yana da amfani ƙwarai in kamfanin da ya sayar maka ya karye ya rufe. Daga ƙarshe akwai kotun ƙananan ƙararraki, wadda a Ingila da Wels ta ke sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba, ba lalle sai da lauya ba. Amma a bar kotu ta zama matakin ƙarshe.

Ranar da aka kawo sabon, kada ka sallami ma'aikacin sai ka ga mota tana shan wuta da idonka. Karɓi takardar aikin, ka rubuta sabuwar lambar. Tambaya kuma yaushe garantinsa zai ƙare, gama sau da yawa ba ya farawa daga fari, ragowar kwanakin tsohon ya ke ɗauka.

Mu na gida fa?

Motar lantarki ta fara leƙo mu. A 2021 an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kafin motar ta yawaita kuwa, ga gidaje da yawa sun riga sun zuba kuɗi a faifan sola da batir da inbata, waɗanda su ma maƙerinsu daban, mai sayarwa daban, mai kafawa daban. Nijeriya ma tana da dokar kare mai saye ta 2018, da hukumar tarayya mai karɓar ƙorafi. Amma ba hukumar da za ta iya taimakon wanda ya sayi kayan dubban ɗaruruwan naira ya tafi ba rasit, don yana jin kunyar tambayar ɗan garinsu. Neman takarda ba rashin yarda ba ne, ita ce ke tsare zumunci ran da kaya su ka lalace.

Sai mu ce a daren yau, bayan an ci tuwo, maigida da uwargida su zauna su tattara takardun kayan wutar da ke gidan, su duba wanne ne garantinsa ya kusa ƙarewa. Sai mun sadu a wata mai zuwa. Ku huta lafiya.