Maganar Matar Ɗa a Gidan Gandu

 Abin da ya kamata malamai da 'yan kasuwa su tsaya su duba shi ne halin matar ɗa a gidan gandu, gama ƙarar da ke zuwa gaban alƙalai a kan aure, da yawa tushenta yana ɗakin uwar miji.

A ce ga falke ya ɗaure kaya zai tafi Ikko ko Kumasi, zai yi wata uku bai komo ba. Ya danƙa kuɗin cefane da mabuɗin rumbu a hannun mahaifiyarsa, ya bar amarya a ɗakin da ke jikin nata. Daga ran nan hatsi sai abin da tsohuwa ta auna, sabulu sai an roƙa, wankin ƙannen miji da dakan gida duka sun hau kan mutum guda, faccaloli suna kallo. In ta yi magana a ce ba ta da kunya, in ta yi shiru a ce mugun ciki gare ta. Ran da maigida ya sauka, tun bai sha ruwa ba an cika masa kunne, sai ya shiga da fushi ya ɗaga hannu.

Dokokin hukuma sun taɓa wannan magana sau biyu. Ta fari ita ce Final Kod, wadda Majalisar Jihar Arewa ta yi a 1959 zamanin Sardauna, ta fara aiki a 1960. Sashe na 55 ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa inda al'adarsu ta yarda da haka, muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Mummunan rauni kuwa, a lissafin wannan doka, shi ne irin su karayar ƙashi, ko fitar haƙori, ko makanta, ko ciwon da zai hana mutum harkarsa har kwana ashirin. Watau dai wadda ta kwanta kwana goma sha tara ba ta cika awo ba. Subhanallahi! Ta biyu ita ce dokar hana cin zarafin mutane da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015. Ita ta yanka wa mai dukan matarsa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba, ko duka biyun. Mai korarta daga gida da ƙarfi kuwa shekara 2 ko Naira 300,000, kuma wanda ya zuga ko ya taimaka yana da nasa rabon. An yi ta ne domin Abuja, aka bar wa kowace jiha ta ɗauka da kanta, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018.

To, amma wace 'yar mutunci ce za ta kai surukarta wurin 'yan sanda, sa'an nan ta koma ta kwana a gidan? Ko ta yi, ubanta ne zai fara sunkuyar da kai a masallaci. Saboda haka maganin da ya fi kusa yana cikin littattafan da ke jingine a zaurukan malamai, waɗanda ake biyawa kullum da hantsi a wuce.

Shehu Halilu, a babin ciyarwa na Muhtasar, ya tabbatar wa mace ikon ƙin zama wuri ɗaya da dangin miji. An cire wadda ba ta da wata daraja a idon jama'a, da wadda aka sharɗanta mata zama da su tun wurin ɗaurin aure, amma masu sharhi sun ce ko su, idan ana leƙen asirinsu ko cuta ta tabbata, sai a raba. A nan kuma aka hana miji ya toshe wa iyayenta ƙofar shiga wurinta. Idan mijin ne da kansa mai cutarwa, tana da ikon neman alƙali ya sake ta, ko da shaidu ba su ce an maimaita ba. Cutar kuwa ba duka kaɗai aka ƙidaya ba, har ƙaurace mata ba dalili, da zaginta, da zagin ubanta. Ɗan Asimu na Andalus, mai Tuhfa, ya nuna cewa cuta tana tabbata ko da ta hanyar labarin da ya bazu a bakin maƙwabta. In ƙara ta yawaita ba shaida, alƙali ya zaunar da su tsakanin mutanen kirki masu lura. In abin ya rikice, ya aiki masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umurta.

Abin takaici shi ne yadda hul'i ya zama hanyar kowa. Yarinya ta sha wuya, ta yi yaji sau uku, a ƙarshe a ce ta mayar da sadaki ta fanshi kanta, uba ya sayar da akuya ko ya jinginar da gona. Alhali hukuncin Malikiyya shi ne, wadda ta ba da dukiya don ta kuɓuta daga cuta, in cutar ta tabbata daga baya, saki ya tsaya, a mayar mata da abinta. Almajirai nawa ne suka ji wannan a wurin wa'azi, in an kwatanta da sau nawa aka ji hakkin miji?

Kada kuma a zalunci tsohuwa. Ita ma wata rana matar ɗa ce, ta daka ta niƙa, watakila mijinta ya rasu ba ta da majingina sai wannan ɗa, tana ganin wata ta zo za ta ɗauke mata shi. Akwai matan 'ya'ya kuwa masu baƙin hali da ke hana uwa tuwon ɗanta. Hakkinta na ci da sutura da ladabi yana wuyan ɗan har kabari. Sai dai a wuyansa yake, hidimar da matarsa ta yi mata kyautatawa ce da za a gode. Namijin da ya ce biyayya ce ta sa shi mari, ya nemi malamin da zai nuna masa inda aka halatta zalunci don yardar mahaifiya.

Wanda ba shi da halin sabon gida, ai yana da halin katanga guda da murhu da makewayi, a yanke wa mace sashenta a cikin gidan, kamar yadda magabata suka yi a manyan gidajen Kano da Katsina. Falke kuma, kafin ya ɗaure kaya, ya auna wa uwa nata, ya auna wa mata nata, kowacce a hannunta. Waliyyi kuwa, ran da aka zo biko da goro, kafin ya ce wa 'yarsa ta yi haƙuri ta koma, ya tambayi masu bikon a wane murhu za ta riƙa ɗora tukunya, kuma mabuɗin hatsinta a hannun wa zai zauna.