Zaɓen 'yan wasan jami'a a ƙungiyar Chicago Bears (2023–2025)

Zaɓen 'yan wasan jami'a, wanda ake kira diraf, shi ne babbar hanyar da ƙungiyoyi 32 na gasar ƙwallon Amurka ta NFL ke samun sababbin 'yan wasa. Zaɓen da ƙungiyar Chicago Bears ta yi daga 2023 zuwa 2025 ya zama misalin da masu sharhi ke yawan kawowa idan ana muhawara kan tsohuwar tambayar nan: ƙungiya ta ɗauki wanda zai toshe gurbin da take da rauni, ko kuwa wanda ya fi kowa ƙwarewa cikin waɗanda suka rage?

Yadda tsarin yake

An fara diraf a 1936 a birnin Philadelphia. A yau ana yin sa a ƙarshen watan Afrilu, cikin kwana uku, zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta fi kowa faɗuwa a kakar da ta gabata ita ke fara zaɓe, zakarar Super Bowl kuma ta zo ƙarshe. Ɗan wasa bai cancanci shiga ba sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Kafin ranar, ana tara fitattun matasan a Indianapolis domin awon jiki, duba lafiya, gudun yadi 40 da ganawa da masu horarwa.

Abubuwa biyu ne suka ba gurbin zaɓe daraja. Na farko, ana iya musayarsa da ɗan wasa ko da wani gurbin. Na biyu, tun yarjejeniyar 2011 an ƙayyade albashin sababbin shiga, kwantiraginsu na shekara huɗu ne, kuma ƙungiya na iya ƙara shekara ta biyar ga wanda ta ɗauka a zagayen farko. Saboda akwai iyakar kuɗin albashi da kowace ƙungiya za ta kashe, samun gwani matashi da araha na ba ta sarari ta sayi gogaggu a wasu gurabe.

Cinikin 2023

Bears ta gama kakar 2022 da nasara 3 da rashin nasara 14, abin da ya ba ta gurbi na ɗaya. A lokacin tana da kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, mai suna Justin Fields. Babban manajanta Ryan Poles ya ga raunin ƙungiyar ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka a watan Maris na 2023 ya miƙa gurbin ga Carolina Panthers. Bears ta karɓi mai cafe ƙwallo DJ Moore, da gurbi na 9 da na 61, da gurbin zagayen farko na 2024, da na zagaye na biyu na 2025.

Panthers ta ɗauki Bryce Young na jami'ar Alabama, ta kuma gama kakar 2023 da nasara 2 kacal cikin wasa 17. Da haka gurbin da ta bayar ya zama na ɗaya a 2024, ya faɗa hannun Bears. Ita kuwa Bears ta sauka daga gurbi na 9 zuwa na 10 ta ɗauki Darnell Wright na Tennessee, ɗaya daga cikin ƙartin nan biyar da ke jeruwa a gaba suna kare kwatabak. Masu suka sun ce ta bar Jalen Carter, wanda da yawa ke ganin ya fi kowa baiwa a ɓangaren tsaro, Philadelphia Eagles ta tafi da shi. Wannan zaɓe ne na buƙata ƙarara.

Zaɓen 2024

Bayan kakar 2023, wadda Bears ta ci wasa 7 aka ci ta 10, ta miƙa Fields ga Pittsburgh Steelers. A ranar 25 ga Afrilu 2024 a Detroit ta ɗauki Caleb Williams na jami'ar USC, wanda ya lashe kyautar Heisman a 2022. A nan buƙata da ƙwarewa sun haɗu wuri ɗaya, domin Bears ce kaɗai ƙungiyar da ba ta taɓa samun kwatabak da ya jefa ƙwallo yadi 4,000 a kaka guda ba.

Gardama ta taso ne kan gurbi na 9. Bears na da Moore, ta kuma sayo Keenan Allen, amma duk da haka ta ɗauki wani mai cafe ƙwallon, Rome Odunze na jami'ar Washington, wanda ke da tushen Najeriya ta wajen mahaifinsa. Mutum biyar kawai ta zaɓa a shekarar, kuma mai kare kwatabak ɗaya ne a cikinsu, Kiran Amegadjie na Yale, a zagaye na uku.

Sakamakon bai yi daɗi ba. Abokan hamayya sun kayar da Williams sau 68 kafin ya saki ƙwallo, adadi mafi yawa a gasar ta 2024. Wani ɓangare na laifin nasa ne, don yakan riƙe ƙwallo ya daɗe, amma raunin masu kare shi bai ɓoyu ba. Ƙungiyar ta sha kashi sau 10 a jere, ta kori koci Matt Eberflus a ƙarshen Nuwamba, ta gama da nasara 5 da rashin nasara 12. A daidai lokacin, Jayden Daniels da Washington Commanders ta ɗauka a gurbi na 2 ya kai ƙungiyarsa wasan kusa da na ƙarshe.

Gyaran 2025

A watan Janairu 2025 Bears ta naɗa Ben Johnson, mai tsara harin Detroit Lions, a matsayin koci. Maimakon ta jira diraf, a watan Maris ta kawo gogaggun masu kare kwatabak uku: Joe Thuney daga Kansas City Chiefs, Jonah Jackson daga Los Angeles Rams, da Drew Dalman daga Atlanta Falcons. Da ta toshe wannan ɓaraka tun da wuri, sai ta je zaɓen Green Bay hannunta a sake. Ta ɗauki Colston Loveland na Michigan a gurbi na 10, sannan ta yi amfani da gurbin ƙarshe da ya rage daga cinikin Panthers ta ɗauki Luther Burden na Missouri. A kakar 2025 ta ci wasa 11, ta lashe rukunin NFC North karon farko tun 2018.

Sharhi

Masu goyon bayan zaɓen buƙata na cewa ba amfanin tara gwanaye a gurbi ɗaya alhali wani gurbin na wofi. Ɗaya ɓangaren na cewa buƙata kan canza cikin shekara guda saboda rauni ko ƙarewar kwantiragi, kuma matsi kan sa ƙungiya ta ɗauki mutum da wuri fiye da darajarsa. Zaɓen 2024 ya nuna ƙarfin wannan matsin, inda aka ɗauki kwatabak shida cikin gurabe 12 na farko. Hasashen ma ba tabbas gare shi ba: Tom Brady shi ne na 199 a 2000, Brock Purdy kuma na ƙarshe a 2022.

Abin da ya faru da Bears ya nuna cewa ba a auna zaɓe shi kaɗai. Williams ɗin da ya sha wuya a 2024 shi ne ya jagoranci ƙungiyar a 2025. Koci da masu kare shi ne suka canza. Ƙungiyar da ta biya buƙatunta na gaggawa ta hanyar musaya da kasuwar 'yan wasa a watan Maris ita ke da damar bin ƙwarewa a watan Afrilu. Ƙalubalen da ke gaban Bears shi ne kwantiragin farko na Williams zai ƙare, kuma idan albashinsa ya tashi, kuɗin sayen gogaggu zai ragu, ta koma dogaro da zagayen tsakiya da na ƙarshe wajen cike gurabenta.